Tsallake Daga Soron Kaka

Har yanzu in zan sha shayi sai na riƙe kofin da hannu biyu. Mai ɗori ya ce targaɗe ne kawai, ƙafar ta koma daidai, amma bai ce komai a kan hannun ba don ban nuna masa ba. Hannun ba abin da ya same shi. Rawa yake yi duk lokacin da na tuna bakin soron nan da lungun da ke ƙarƙashinsa. Mutanen gidanmu kuwa sun mayar da abin labarin ban dariya, da an kawo wa baƙo ruwa sai a ɗora masa shi, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa. Shi ya sa na ga gara in faɗe shi da kaina.

Gidanmu yana Ƙofar Atiku, cikin tsofaffin gidajen nan da suke jingine da juna, inda in maƙwabciya ta soya albasa sai ka ji yunwa a ɗakinka. An sabunta ɗakunanmu da bulo da kwano, ban da na Kaka, wadda ta ce ba mai taɓa mata shi tana da rai. Soro ne na ƙasa, rufin azara, an shafe samansa da siminti tun ban san kaina ba. A can sama ake shanya, don sana'ar Kaka ke nan: busasshiyar kuɓewa, wadda mu a nan muke ce wa guro. Ƙarshen damina in ta yi araha, Baba ya sayo mata buhu-buhu, mu zauna mu yayyanka, a hau da ita a baza a kan tabarmi inda awaki ba sa kaiwa. In ta bushe Kaka ta sa a daka, mata su yi ta aikowa har wata damina. Da wannan take zumuncinta, da shi take fita kunyar biki da suna, ba ta jiran kowa ya ba ta.

Hawan kuwa aikin yayata ne tun muna yara. Ita tsani take hawa da tire a ka tana cin gyaɗa. Sai ta samu jami'a, ta kama ɗaki a Kwalkwalawa, aikin ya gangaro kaina. Baba yana kasuwa daga safe har magariba, Inna tana fama da ciwon baya. Ni kuwa ko kujera na taka zan ɗauko abu a saman kabad sai in ji ƙasa ta yi nisa. Lissafin a fili yake: in ban hau ba, guron Kaka ya ruɓe a buhu.

Da Yaya ta zo hutu na kai mata kukana. Ta dube ni sama da ƙasa, ta jawo jakarta, ta fito da kwamfutar da ta saya ta hannu a wani shago a Sama Road, wai don karatu.

"Zo nan, matsoraciya. Yau zan yi miki magani."

Gem ne ta kunna, wato wasan kwamfuta. Na saba ganin irin wanda kake kallon ɗan mutum a cikin allo kana tura shi yana gudu. Wannan ba haka yake ba. Ba ka ganin kowa, kai ne mutumin. Idonsa ne idonka. In ka karkata linzamin kwamfutar hagu, duniya ta juya hagu. In ka duba ƙasa ka ga kan takalmanka, in ka kama bango sai hannaye biyu su fito daga gefen allo su damƙe shi, kamar naka ne aka ara ba a gaya maka ba. Aikin kuma guda ɗaya ne: gudu a kan rufin dogayen gine-gine, ka tsallake daga wannan zuwa wancan, ka haura tankin ruwa, ka bi ta kan bututu, ka yi lilo da igiya, har ka kai inda aka ce ka kai. Har numfashin mutumin kana ji a kunnenka.

Yaya ta ɗora yatsuna a kan maɓallan. Wannan gaba, wannan tsalle. Na yi gaba. Na zo bakin gini na leƙa, na ga motoci a ƙasa kamar ƙwaro. Na ce mata ni na fasa. Ta danna min yatsa da ƙarfi, mutumin ya taka iska, titi ya taso ya nufo fuskata. Na yi ihun da ya sa kajin Inna suka watse. Allo ya yi baƙi.

"Na mutu?" na ce.

"Kin mutu. Allah ya jiƙanki. Tashi ki sake."

Sai ga ni a kan rufin nan dai, garau, ko ƙwarzane babu. A yinin nan na mutu mutuwar da ba ta ƙirguwa. Kuma jikina bai yarda wasa ba ne. In zan yi tsalle sai in ɗaga ƙafata ta gaske, in zan kauce wa bango sai in karkace har kafaɗata ta bugi ta Yaya. Kwanon kunu na shure a tsalle ɗaya. Da yamma kaina yana juyawa kamar na yi doguwar tafiya a bayan mota, Inna ta ba ni lemon tsami na tsotsa tana cewa ita ba ta taɓa ganin wanda ya yi jirin mota a kan tabarma ba.

Kashegari Kaka ta jawo kujerarta ta tsuguno ta zauna a bayanmu. Tana ta kallo ina haura bangon mutane ina dirawa a barandarsu, ina ratsa igiyar shanyarsu. Can ta zungure ni da sanda.

"Ke ƙawa. Wanga da kika shiga jikinai, namiji na ko macce?"

Na ce ban sani ba, hannu kawai nake gani.

"Hannun nan na ƙato na. To mi ya hana shi hwaɗin za a hau? Gidajen ga ba su da mata?"

Yaya ta kwashe da dariya har ta kwanta. Abin da Kaka take nufi, duk wanda ya tashi a unguwa irin tamu ya sani. Namiji ba ya hawa rufi ko katanga haka kawai, don daga sama tsakar gidan kowa a buɗe take. Magini ne, ko mai gyaran waya, ko mai ɗaura tauraron ɗan'adam, sai ya tsaya a gindin tsani ya ɗaga murya: gafaranku dai matan gida, za a hau bisa! Mata su kwashe abin da za su kwashe su shige ɗaka, a saki labule, ba mai ɗaga ido sama. Ba su fitowa sai sun ji ya ce an sauka. Mu mata in mun hau shanya ba ma faɗa, sai dai ma a ɗaga maka hannu daga ƙasa a tambaye ka ko ka hango mai kifi.

Yaya ta yi ƙoƙarin yi mata bayani cewa ba mutane a gidajen, zane ne.

"Wa ya shanya tufahin in ba kowa?" in ji Kaka.

Daga ranar ta zama doka: in Kaka tana wurin, kafin in fara sai na yi shela. Ni kuma na mayar da abin wasa, na riƙa kwaikwayon wani tsohon magini na unguwarmu mai murya kamar ana jan ganga a kan siminti. In cika ƙirji da iska, in saukar da haɓa, in ce za a hau bisa. Kaka ta gyaɗa kai ta ce to yanzu tahi. Ta zama 'yar kallo ta dindindin. Ita ke gaya min hanya. "Bi ta bisa tankin can, ke makauniya." In na faɗi ta ce, "Madalla. Gobe ma ki ƙara." In na tsallake wani rami mai faɗi sai in ji ta saki numfashi a bayana, ta ce ita fa ba tsoro ta ji ba, goro ne ya sarƙe ta.

Kafin hutun Yaya ya ƙare na ƙware. Na gane cewa yawan mutuwata ba daga tsallen take zuwa ba, daga shakka take zuwa. In na taho da gudu na zo baki sai yatsana ya sassauta, mutumin ya yi wani ɗan tsalle na rabin zuciya, ya bugi bango da ƙirji ya zame. In kuwa na kafa ido a inda zan dira na ƙi sassautawa, sai in ga hannayen nan sun kama. Abin ya bi ni har waje. In an aike ni, sai in tsinci kaina ina auna unguwa: daga katangar nan zuwa rumfar mai wanki, daga rumfa zuwa tankin masallaci, daga can a kama indararo. Ni da ban taɓa hawa ko kujera da daɗin rai ba, ina tafe cikin hijabi ina tsallake gidajen mutane a zuci.

Yaya ta koma da kwamfutarta, guro ya iso. Ranar farko na tsaya a gindin tsani, sai na ce wa kaina ai hannu kawai zan kalla. Na kalli hannuwana suna kama itace ɗaya bayan ɗaya, kamar na cikin allo, sai ga ni a sama. Na baza tabarmi, na jawo tiren da igiya, na shanya, na sauko. Kaka ta ce ashe dai kwamfutar ba asarar kuɗi ba ce. Na yi kwanaki ina hawa da sauka, har na fara tsayawa ina kallon gari, ina ƙidaya hasumiyoyi. Kai ya fara girma.

Sai wata Juma'a. Inna ta tafi suna, Baba da duk mazan unguwa sun wuce masallaci. Ni da Kaka kaɗai a gida. Guro yana sama, ya sha rana amma bai gama bushewa ba. Kaka ta fito alwala, ta ɗaga kai gabas, ta ce, "Ƙawa, hadarin can ba na wasa na ba. Hau ki kwashe."

Na ɗauki buhuna biyu na saƙala a kafaɗa. Da na dafa tsanin, sai shaiɗanin wasa ya zo min. Na cika ƙirji, na saukar da haɓa, na sake ta da iyakar ƙarfina, ba irin ta cikin ɗaki ba:

"Gafaranku dai matan gida, za a hau bisa!"

Ko ni sai da na ji kamar tsohon maginin ne a bayana. Kaka ta yi dariya har da tari, tana cewa Allah ya shirye ki. Da na kai sama na ga aikina. A gidan dama wata ta fizge zane daga igiya ta shige. A gidan gaba an bar turmi da taɓarya a ciki, labule yana lilo. Tsakar gida bayan tsakar gida, duk wayam. Na tsaya na riƙe ƙugu ina jin kaina kamar wata mai sarauta. Ban ce musu wasa nake ba. Na ce bari in gama tukuna, in leƙa in ba su dariya.

Na cika buhu ɗaya na ɗaure, na fara na biyu, iskar ta iso. Irin ta ƙarshen damina ce, wadda ba ta sallama. Ta ɗaga tabarmar da na gama kwashewa, ta naɗe ta, ta maka ta a kan tsanin. Ina kallo, kan tsanin ya goga a bakin soro, ya yi gefe a hankali kamar mai tunani, sannan ya tafi. Ya faɗa a kan duron ruwa, na ji ƙas.

Na rarrafa na leƙa. Tsanin ya rabu biyu. Kaka tana tsaye a kansa, ta ɗago rabi ɗaya ta duba, ta ɗago kai ta dube ni. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Zamna nan! Kar ki motsa! Bari in kira mutane!"

Na juya gidan dama na ƙwala kira da muryata ta gaske. Na kira na gaba. Iska ta kwashe muryar ta yi yamma da ita, kuma a daidai lokacin ruwan ya sauko a kan kwanukan unguwa gaba ɗaya, ƙarar da ko mai kusa da kai ba ka ji. Suna ciki, labule a sake, suna jiran namijin da ke sama ya gama ya sauka. Ko da wata ta ji motsi, ba za ta ɗaga ido ba. Ni na tura su ciki da bakina.

Na ga Kaka ta nufi zaure da sandarta, tana jan ƙafa cikin ruwa. Na san tafiyarta. Na kuma san ba namiji ko ɗaya a layin, balle mai tsani.

Da farko na yi abin da ta ce, na zauna na rungume buhun guro. Amma guron da ban kwashe ba ya bi ruwa ya toshe bakin indararo, ruwa ya fara taruwa a kan soron, kuma ba ruwa ne zalla ba, yauƙi ne. Duk inda na dafa sai hannuna ya zame. Na tuna soron ƙasa ne a ƙarƙashin simintin nan mai tsaguwa, na tuna shekarunsa. Sai walƙiya ta haske, tsawa ta biyo bayanta ba tazara, har na ji ta a haƙorana. Malamin kimiyyarmu a sakandare ya taɓa cewa aradu abin da ya fi tsawo take nema. Na duba hagu da dama. A kan soron nan ba abin da ya fi ni tsawo.

Dirawa tsakar gidanmu ba ta taso ba, na leƙa sau ɗaya na ja da baya. Hanya ɗaya ta rage, kuma na daɗe da auna ta a zuci tun ina wasa. Bayan ɗakin Kaka akwai wani siririn lungu da ruwa ke bi. A ƙetarensa gidan da Malama take haya ne, wata malamar firamare Kirista daga wajen Filato da ta daɗe a unguwar har ta fi mu sanin wa ya haihu wa ya rasu. Mai gidan ya zuba dekin da niyyar ɗora bene, kuɗi suka ƙare, ya bar rufin siminti da rodi a tsaitsaye da matakala mai sauka har tsakar gida. Matakala. Ita nake kallo kamar mai ƙishi ya hango randa. Ƙofar gidan kuwa ta wani layin take, kafin Kaka ta zagaya can an yi la'asar.

Faɗin lungun bai kai tsawon tabarma ba. A cikin gem, irin wannan ko lissafa shi ba na yi, ina tsallake shi ina amsa wa Inna kira. Na miƙe tsaye na sake auna shi da ido. A allo ban taɓa jin nauyin jikina ba. Ba wanda ya gaya min mutumin can ba zane yake ɗaure da shi ba, kuma ƙasan takalminsa ba miyar guro. Na cire silifas. Na tattare zanen na cusa a ƙugun wandon da ke ciki, na naɗe hijabin na ɗaure a ciki. Na ja tabarma ɗaya mai nauyi da ruwa na shimfiɗa ta doshi bakin, don in samu inda ƙafa za ta kama. A can ƙetare, tsakanin rodi biyu, akwai wani tsohon baho a kife. Na ce to, baho, kai nake nema.

Na taho. Na zo baki, idona ya sauka ƙasa da kansa, na ga ruwa ja yana gudu a lungun can nesa, ƙafafuna suka ƙame. Na zube a kan gindina, na ja da baya da hannu da ƙafa, na fashe da kuka. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wannan: ina kukan ina jiran allo ya yi baƙi a mayar da ni farko. Wallahi sai da na jira.

Aka sake tsawa. Na tashi na koma ƙarshen tabarmar. Na karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Na kafa ido a bahon, na ce wa kaina ko me za a yi kar ki sassauta, kin san abin da sassautawa take yi. Na ruga.

Ban san komai game da iskar ba. Mutane suna tambayata yaya na ji a sama, ni ban ji komai ba. Na san ƙafata ta bar tabarma, na kuma san na ji siminti ya daki gwiwata da tafin hannuna, ƙafar hagu ta lanƙwashe ta inda ba a lanƙwasa ta. Kafaɗata ta ture bahon, ya gangara matakala yana ƙara kamar ana kiɗan ƙwarya, ya riga ni sauka. Na kwanta a wurin ruwa yana dukan bayana, na rungume siminti. Sai daga baya na tuna cewa na gudo wa aradu ne na zo na kwanta a tsakiyar ƙarafa.

Da gindi na sauka matakalar, ɗaya bayan ɗaya. Ina kaiwa ƙasa labule ya buɗe, Malama ta fito da taɓarya a ɗage.

"Kai wane irin magini ne? Ka ƙi zuwa masallacinku, ka hana mu fita, yanzu kuma ka diro mini gida?"

Ta tsaya. Ta sauke taɓaryar a hankali. Ta dube ni, zane a ƙugu, hijabi a ciki, guro a gashi, ta ɗaga kai ta dubi rufinta, ta sake dubana.

"'Yata? Daga ina?"

Na nuna sama. Haƙorana sai haɗuwa suke don sanyi.

"Ina maginin?"

Na nuna ƙirjina.

Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta fasa. Ta ciccibe ni kamar 'yar ajinta ta kai ni ɗaki, ta lulluɓe ni da bargo, ta ɗora ruwa a risho. Tana gasa min ƙafar tana cewa, "Yesu. Ta lungun nan? Yesu." Can kuma sai dariya ta ƙwace mata, ta toshe baki, ta ce in yi haƙuri, muryar ce take tunawa.

Muna haka Kaka ta iso, jiƙe sharkaf, ɗankwali a hannu. Ashe ta zagayo ɗin. Ta leƙa soro daga layi ba ta gan ni ba, ta leƙa lungu. Ba ta taɓa gaya min abin da ta yi zaton gani a lungun ba, ni ma ban tambaya ba. Ta zauna a bakin gadon Malama ta kama fuskata, ta shafa kaina, ta matsa kafaɗuna kamar mai duba kaya a kasuwa. Ta daɗe haka. Sannan ta ce, "Kin ɗaure bakin buhun?"

Na ce ɗaya na ɗaure.

"To. Ɗaya ma arziki na."

Sauran guron kuwa, da indararo ya buɗe da kansa, duk ya bi ruwa ya sauka lungu ya malale layi. Maza suka taso daga masallaci bayan an ɗauke ruwa, cikin fararen kaya, suka tarar da hanya ta zama miya. An ce limamin unguwa sai da aka riƙe shi ta hannu biyu. Baba da kansa ya shigo gida da takalmi a hannu, bayan rigarsa ja, yana tambayar wa ya zubar da tukunya a titi. Matan maƙwabta kuma ba su fito da wuri ba ko da ruwan ya tsaya. Wata shinkafarta ta ƙone, wata wankinta ya kwana a jiƙe. Da labari ya bazu suka riƙa shigowa duba ni, kowacce ta fara da sannu ta ƙare da zagi.

Na kira Yaya a waya ina ba ta labari ina kuka. Ta bari na gama. Sai ta ce, "To wane maɓalli kika danna?" Na kashe wayar. Ta sake kira, muryarta ta canza, ta ce gobe tana hanya.

An yi sabon tsani, Baba ya sa an ɗaure kansa da waya a jikin ƙarfe. Ƙafata ta warke. Na je gindinsa na dafa, na kalli hannuwana yadda na saba, suka ƙi kamawa. Kaka ba ta ce min komai ba. Ta ci gaba da yanka guronta a inuwa, tire yana cika, ta baza kaɗan a tsakar gida tana korar awaki da sanda, rabi yana yin baƙi don rana ba ta isa wurin. Shirun nata ya fi min faɗa ciwo.

Malama ce ta shigo wata yamma ta ga abin da ake ciki. Ta ce, "Mama, ga rufi can a kaina yana zaman banza, ga matakala. Ku kawo." Kaka ta ce ba ta shanya a rufin mutane kyauta. Suka yi ta ja, suka daidaita a kan Malama ba za ta sake sayen garin guro ba muddin tana unguwar.

Yanzu haka nake yi. In ɗauki tire, in fita ta zaure, in zagaya layi, in yi sallama, in hau matakala ina dafe da bango. A tsakiyar rufin nake shimfiɗa tabarmi, nesa da kowane baki, kuma a durƙushe nake aikin. Shekaranjiya na ce bari dai in dubi wurin sau ɗaya. Na ɗaga kai daga inda nake. Ga soron Kaka nan kusa, ga lungun, ɗan siriri, wanda akuya mai ciki ma za ta tsallake. Sai da na zauna dirshan na jira ƙirjina ya lafa. Daga ƙasa Malama ta ɗago murya ta ce lafiya kuwa, na ce lafiya lau. Na juya wa lungun baya na ci gaba da baza guro.